Kaluluwa biyu cikin tara: amsa ga mai tambaya kan sakamakon gwajin hanjin mahaifinsa

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Daga ƙasar Gwadabawa nike rubuto maka. Mahaifinmu, shekarunshi 58, an yi mashi aikin babban hanji sati uku da suka wuce, anka yanke wani ƙari ta gefen hagu. Sakamakon gwajin naman ya fito, an ce ciwon daji ne, mataki na uku. Abin da na iya karantawa a takardar shi ne pT3, pN1b, kaluluwa 2 cikin 9 sun kamu, ciwon ya shiga ƙananan hanyoyin ruwan jiki, bakin yankan kuma babu ciwo. Likita ya ce a fara kemo. Gida ya rabu biyu. Wasu na cewa tunda an cire abin a bar tsoho shi huta, wasu na cewa mataki na uku ai magana ta ƙare, kada a wahalar da shi. Wannan takarda tana iya nuna ko zai warke? Kuma kemon nan dole ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah shi ba Baba lafiya, shi sa wannan ya zama kaffara, ku kuma Allah shi saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da shi.

Aikina shi ne karɓar irin wannan naman da ake cirowa a ɗakin tiyata, in yanka shi, in duba shi a ƙarƙashin madubin likita, in rubuta irin takardar da ke hannunka. Saboda haka bari in faɗa maka matsayina tun daga farko. Ɓangarorin gidanku biyu duk tausayin Baba ne ke sa su magana, amma takardar ba ta goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Mataki na uku a ciwon dajin babban hanji mataki ne da ake warkewa daga gare shi, kuma masu irin takardar Baba da suka kammala kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, mafi yawansu ciwon ba ya dawo musu. Sai dai cire ƙarin shi kaɗai bai isa a tattara a koma gida ba, kuma dalilin yana cikin waɗancan kaluluwa biyu. Sati uku sun riga sun tafi. Ana son a fara kemo cikin sati shida zuwa takwas bayan aiki, matuƙar rauni ya warke kuma mutum yana cin abinci, domin amfanin maganin yana raguwa idan aka ja lokaci. Kada zaman shawarar dangi ya cinye muku wannan damar.

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin ragon layya ya san rabin abin da zan yi bayani. Idan ka tsaga hanji, akwai shimfiɗa mai santsi da yauƙi ta ciki, a ƙarƙashinta wata 'yar shimfiɗa mai laushi, sai tsoka, sai kitsen da ke manne da hanjin ta waje, sannan wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe su. A cikin kitsen nan, idan ka murza da yatsa, za ka ji wasu 'yan dunƙule-dunƙule. Su ne kaluluwa. Na ɗan Adam ma haka yake. Ciwon yana farawa ne daga shimfiɗar ciki, yawanci daga wani ɗan tsiro da ya yi shekaru yana girma a hankali, sannan ya riƙa nutsawa cikin bangon hanjin. Harafin T da ka gani yana auna zurfin wannan nutsawar. Idan ciwon ya tsaya a shimfiɗa mai laushi, T1 ke nan. Idan ya shiga tsoka bai fita ba, T2. Idan ya keta tsokar ya faɗa cikin kitse, T3, wanda shi ne na Baba. Idan kuwa ya huda tantanin waje ko ya manne ya ci wata gaɓa da ke kusa, kamar mafitsara ko wani hanjin, shi ne T4. Ɗan harafin p da ke gaba yana nufin an tabbatar da abin ne da madubi a kan naman da aka ciro, wanda ya fi ƙiyasin hoto ƙarfi.

Iyalai sukan fara tambayata girman ƙarin, kuma sukan yi mamaki idan na ce girma ba ya cikin lissafin matakin ciwon hanji. Ƙari mai santimita 8 da ya tsiro zuwa cikin ramin hanji bai keta tsoka ba ya fi sauƙi a kan ɗan ƙarami mai santimita 2 da ya huda tantanin waje. Wani likitan gwajin nama a asibitin St Mark's da ke Landan, Cuthbert Dukes, shi ne ya tsara wannan fahimtar a 1932, bayan ya bi diddigin mutanen da aka yi wa aikin ciwon dajin dubura. Ya raba su gida uku: waɗanda ciwonsu ya tsaya a bango, waɗanda ya keta bango, da waɗanda ya kai kaluluwa. Ya ga cewa tsawon rayuwarsu bayan aiki yana bin wannan rabon. Tsarin TNM da muke aiki da shi yau, wato T na zurfin ciwo, N na kaluluwa, M na bazuwa zuwa wasu gaɓoɓi, ya faɗaɗa wancan ne, kuma har yanzu, duk da gwaje-gwajen zamani masu tsada, zurfin ciwo da halin kaluluwa su ne ginshiƙin hasashe.

Kaluluwa matata ce. Ruwan da ke tsatsowa daga bangon hanji yana bi ta wasu siraran hanyoyi ya ratsa ta cikinsu kafin ya koma jini. Idan muka ga ƙwayoyin ciwo a cikin kaluluwa, mun sami shaidar cewa wannan ciwon ya koyi tafiya. Likitan tiyata ya cire waɗanda suka kamu tare da hanjin, wannan gaskiya ne, amma ciwon da ya iya kaiwa kaluluwa yana iya yiwuwa ya aika wasu 'yan ƙwayoyi ta jini zuwa hanta ko huhu, ƙanana ƙwarai har babu hoton da zai nuna su. Su kemo yake farauta. Kaluluwa ɗaya zuwa uku da suka kamu ana kiransu N1, kuma N1b na Baba yana nufin biyu ko uku. Daga huɗu zuwa sama N2 ne. T3 tare da N1, idan hoto bai nuna ciwo a wani wuri ba, shi ne matakin da ake rubutawa IIIB.

Lambar da ta tsaya mini a rai a takardarku ita ce 9. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a duba aƙalla kaluluwa 12 kafin a natsu da lissafin. Bari in nuna maka yadda ake samun su, don ka gane me ya sa. Idan hanjin ya iso mana, muna buɗe shi, mu wanke, mu bar shi a cikin ruwan fomalin kwana ɗaya zuwa biyu har ya yi tauri. Sannan mutum ya zauna da wuƙa da yatsunsa. Kitsen ake yankawa siriri-siriri, kamar milimita 3 ko 4, ana murzawa ana lalube. Kaluluwa ba ta da launin da zai kira ido, 'yar aba ce fara-fara ko ruwan toka da kitse ya rufe, wata ma ba ta wuce milimita 2 ba. Wanda ya saba ya san cewa babbar ba ita ce abin tsoro kullum ba. Sau da yawa babbar ta kumbura ne kawai saboda faɗan da garkuwar jiki ke yi, ciwon kuma yana zaune a cikin wata 'yar ƙarama da ba ta kai milimita 5 ba. Aiki ne mai cin lokaci, warin fomalin yana sa ido hawaye, kuma idan aiki ya taru mutum yana iya tsayawa a kan manyan da suka faɗo hannunsa. Kowace aka samu sai a sa ta a ɗan akwatin roba, a tsane ruwanta, a daskarar da ita a cikin kaki, a shesshare ta da na'ura siririn da bai wuce kashi 4 cikin dubu na milimita ba, a ɗora a gilashi, a rina da shuɗi da ja, sannan a duba.

Ba kullum laifin mai lalube ba ne idan adadin ya gaza. Idan aikin gaggawa aka yi saboda hanji ya toshe, wani lokaci likitan tiyata ba ya samun damar ɗebo kitse mai faɗi. Gefen hagu ma bisa halitta ya fi na dama ƙarancin kaluluwa, tsofaffi nasu sun fi kaɗan, haka wanda aka yi wa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, kafin aiki. Amma ko mene ne dalili, biyu cikin tara ba ta kai biyu cikin ashirin kwantar da hankali ba. Shawarata ita ce ka roƙi likitan Baba ya nemi ɗakin gwajin su koma kan ragowar naman su sake lalube. Yawanci ana ajiye ragowar na wasu makonni bayan fitar da sakamako, saboda haka wannan ma abu ne na hanzari. Wannan roƙo ba cin fuska ba ne ga kowa, mu da kanmu muna yin hakan. Idan an ƙara samun wasu kuma duk lafiyayyu ne, alhamdu lillahi, lissafin ya ƙara ƙarfi. Idan kuwa an sami wasu biyu da suka kamu, Baba ya koma N2, kuma tsawon kemonsa zai canza. Amma kada a tsayar da fara magani ana jiran wannan.

To, ko takardar tana iya nuna zai warke? Ajali yana hannun Allah, kuma babu likitan da zai dubi gilashi ya karanta ranar kowa. Abin da takardar ke iya faɗa shi ne yadda ta kasance ga dubban mutanen da suka zo da irinta a baya. A alƙaluman Amurka, waɗanda aka gano ciwonsu bai fita daga hanji ba, kimanin 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar idan aka kwatanta da sa'o'insu marasa ciwon. Waɗanda ya kai kaluluwa ko naman da ke kusa, 70 da 'yan kai. Waɗanda ya riga ya kai hanta ko huhu, ƙasa da 20. Idan ka tara mutum ɗari masu mataki na uku, kimanin rabinsu aikin tiyata kaɗai ya riga ya raba su da ciwon, ko da ba su sha komai ba. Matsalar ita ce madubina ba ya nuna mini su wane ne wannan rabin. Ɗaya rabin suna ɗauke da ƙwayoyin da suka tsere, kuma kemo yana ceto wani kaso mai kyau daga cikinsu. Tun 1990 aka tabbatar da haka, a binciken da Charles Moertel ya jagoranta a Amurka, inda ba da maganin 5-FU tare da wani maganin bayan aiki ya rage dawowar ciwon da kashi 41 cikin 100, ya rage mutuwa da kashi 33. A 2004 aka nuna cewa ƙara maganin oksalifilatin yana ƙara rage dawowar.

Binciken da ya fi shafar Baba kai tsaye shi ne wanda ake kira IDEA, da aka wallafa a 2018, wanda ya haɗa marasa lafiya sama da 12,800 masu mataki na uku daga ƙasashe da dama. An kwatanta kemon wata uku da na wata shida. Sai aka ga mataki na uku kansa gida biyu ne. Masu T1 zuwa T3 tare da N1, wato gidan da Baba yake a yanzu, kimanin 83 cikin 100 ciwon bai dawo musu ba bayan shekara uku, kuma wata uku na haɗin CAPOX, wato oksalifilatin tare da ƙwayoyin kafesitabin, ya yi musu aikin da wata shida ya yi. Masu T4 ko N2 kuwa adadin ya sauka zuwa wajen 63 ko 64, kuma su ne aka fi ba wa wata shida. Ka ga inda ƙidayar kaluluwa ta koma kuɗi, da tafiye-tafiye tsakanin Gwadabawa da Sakkwato, da wahalar jikin tsoho. Likitan ciwon daji da ke ganin Baba da idonsa shi zai yanke tsawon, yana duba ƙarfinsa da ƙodarsa, kuma ƙarancin kaluluwar da aka duba na iya sa ya karkata ga wata shida.

Ina so ka riƙe waɗannan alƙaluma da sanin inda suka fito. An samo su ne a wuraren da ake fara magani a kan lokaci, a kammala shi, a kuma riƙa bibiya. A nan ƙasar sakamakonmu bai kai haka ba, kuma babban dalilin sananne ne. Mutane suna zuwa a makare, bayan an yi wata da watanni ana shan maganin basir ko na atini a kan jinin da ke fita ta dubura, sannan da yawa suna yanke kemo a tsakiya saboda kuɗi ko nisa. Baba ya tsallake na farko tunda an iya cire nasa gaba ɗaya. Na biyun yana hannunku.

Ga masu cewa mataki na uku magana ta ƙare, akwai abin da ya kamata su ji. Lambobin nan ba sa hawa a jere yadda ake zato. Mai ciwon da ya huda tantanin waje amma kaluluwarsa lafiya lau, a takarda mataki na biyu ne, amma sakamakonsa ya fi muni a kan mai T1 ko T2 da kaluluwa ɗaya ta kamu, wanda shi kuma mataki na uku ne. Dalilin shi ne ciwon da ya huda tantani yana iya zubar da ƙwayoyinsa cikin ramin ciki. Wanda ya ji "uku" kawai ya yanke ƙauna bai karanta takardar ba.

Sauran layukan takardar suna bayyana halin ciwon ne. Shigarsa ƙananan hanyoyin ruwan jiki, da ka ambata, ya yi daidai da kamuwar kaluluwa, domin ta nan ya bi. Ka duba ko an yi maganar jijiyoyin jini da ke wajen tsoka, domin ciwon da ya shiga cikinsu ya fi saurin kaiwa hanta, tunda jinin hanji hanta yake fara zuwa. Ka duba ko an ce ya nannaɗe jijiyoyin ji. Ka duba darajar ƙwayoyin, wadda ba ka ambata ba. Idan har yanzu suna ƙoƙarin jera kansu kamar ramukan yauƙi na lafiyayyen hanji, ƙaramar daraja ce, kuma ita ce ta fi yawa. Idan sun watse babu tsari, babbar daraja ce, ta fi zafi. Akwai wani nau'i da yauƙi ke cika cikin ƙwayar har ya ture cibiyarta gefe, wanda aka fi gani a matasa, kuma yana da wuyar sha'ani. Akwai kuma abin da na fi son dubawa, wato bakin gaba na ciwon, inda yake kutsawa cikin lafiyayyen nama. A wasu, bakin a dunƙule yake yana turawa gaba ɗaya. A wasu kuma sai ka ga ƙwaya ɗaya, ko biyu zuwa huɗu, sun ɓalle sun yi gaba su kaɗai. A taron masana da aka yi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 2016 aka daidaita yadda ake ƙirga waɗannan 'yan ɓalle-ɓalle a fili mai faɗin milimita murabba'i 0.785: daga 0 zuwa 4 kaɗan ne, 5 zuwa 9 matsakaici, 10 zuwa sama da yawa. Gwaji ne da ba ya buƙatar komai sai gilashin da aka riga aka rina da idon mai haƙuri, shi ya sa nake ganin babu uzurin barinsa ko a wurin da ba shi da kayan aiki masu tsada.

Duk da haka, a gaskiya waɗannan layuka sun fi nauyi ga mai mataki na biyu, wanda kaluluwarsa ba ta kamu ba, inda ake kokwanton a ba shi kemo ko a bar shi. A wurinsa, T4, ko shigar jijiyoyi, ko toshewar hanji ko hudewarsa, ko kaluluwa ƙasa da 12, su ne ke karkatar da hukunci. A wurin Baba kaluluwar ta riga ta yanke magana.

Bakin yanka da babu ciwo labari ne mai daɗi, ku gode wa Allah a kansa. Yana nufin ba a bar wani ɓangare na ƙarin a ciki ba, kuma wasu takardu suna rubuta shi R0. A ciwon dubura wannan layin ya fi komai muhimmanci, domin ƙugu wuri ne matsattse. Philip Quirke da abokan aikinsa a Leeds ta Ingila sun nuna a 1986 cewa yawancin ciwon da ke dawowa a wurin aiki yana dawowa ne saboda ya kai bakin yanka ta kewaye. Tun daga nan muke shafa tawada a bayan naman kafin mu yanka, mu auna tazarar ciwo da tawadar, kuma milimita 1 ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa ya taɓa. Na kawo wannan ne saboda masu karatu, domin a Najeriya kusan rabin masu wannan ciwo a dubura yake kama su, kuma su sau da yawa gashi da kemo ake fara yi musu kafin aiki.

Akwai gwaji ɗaya da ban ga ka ambata ba, kuma ina so ka tambaya. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu furotin huɗu, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, masu gyara kurakuran da ke faruwa idan ana kwafar DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayar. A kimanin kashi 15 cikin 100 na ciwon dajin hanji wannan gyaran ya lalace. Ana gano haka da wani rini na musamman a kan kakin da aka riga aka ajiye, ba sai an sake taɓa Baba ba. Irin wannan ciwon yana tara kurakurai da yawa har sojojin jiki su gane shi su yi masa taron dangi, shi ya sa a mataki na biyu sakamakonsa ya fi kyau, kuma 5-FU shi kaɗai ba ya ƙara masa komai. Idan ya bazu kuma, shi ne ke jin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su fembirolizumab, duk da tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin da ya sa na damu da shi a nan shi ne binciken da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, aka wallafa a 2021, ya sami wannan lalacewar a kimanin kashi 28 cikin 100 na 'yan Najeriyar da aka gwada, kusan ninki biyu zuwa uku na Amurkawan da aka kwatanta da su. Mafi yawan masu wannan lalacewar ba gadonta suka yi ba, amma wasu gado ne, abin da ake kira ciwon Lynch, wanda ke bayan kimanin kashi 3 cikin 100 na duk ciwon dajin hanji. Idan uba yana da shi, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar ɗauka, kuma a mata yana kawo ciwon dajin mahaifa. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka tambaya ko akwai wanda ya rasu da ciwon ciki mai zubar jini ko ƙarin mahaifa yana da sauran ƙuruciya.

Gwajin sauye-sauyen DNA na ciwon da ake kira KRAS, NRAS da BRAF kuwa kada ku kashe kuɗi a kansa yanzu sai in likita ya nema, domin amfaninsa na zaɓen magani ne idan ciwo ya bazu. Za ka kuma ji labarin ƙirga sojojin jiki a cikin ƙari, wanda Jérôme Galon na Faransa ya fito da shi tun 2006, da gwajin neman ɓurɓushin DNA na ciwo a jini bayan aiki, da kwamfutoci masu karanta hoton gilashi su yi hasashe. Ilimi ne na gaske, kuma ina fatan ya iso mu, amma babu ɗaya daga ciki da zai canza abin da ya kamata a yi wa Baba a wannan watan.

Abin da ya fi waɗannan duka tasiri a yankinmu shi ne halin da naman yake isowa. Ana kawo mana hanji daga nesa, daga ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Zamfara har da ƙetaren iyaka, a hannun ɗan'uwan mara lafiya, a cikin motar haya, a zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Wani a cikin ruwan gishirin ƙarin ruwa aka sa shi, wani an cusa shi a ƙaramar kwalba da ɗan fomalin da bai rufe shi ba, ba a ma buɗe hanjin ba. Kafin ya iso cikinsa ya ruɓe, kuma ruɓaɓɓen nama ba ya ba da daraja, ba ya karɓar rinin furotin ɗin da na ambata. Wasu kuma ba sa kawowa sam, sai a binne shi a ce ai an cire cuta. Wannan yana ƙona mini rai, domin mutum ya sha wahalar aiki ya biya kuɗi, sannan a rasa sanin ko yana buƙatar kemo. Ƙa'idar ita ce fomalin mai kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya kai ninki goma na naman, a mazubi mai faɗin baki, nan take bayan an ciro. Ku kun yi abin da ya dace tunda naku ya kai ɗakin gwaji. Ka adana lambar da ke saman takardar, ka ɗauki hotonta a waya, domin kakin yana shekaru bai lalace ba kuma da wannan lambar ake nemo shi.

Takardata ba ta ganin hanta da huhu. Idan ba a yi wa Baba hoton CT na ƙirji da ciki ba, a yi kafin a fara magani, tare da gwajin jini na CEA, wani furotin da yawansa kan hau idan akwai wannan ciwo a jiki. A nan Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen gwajin nama da sashen kula da ciwon daji, saboda haka ba sai kun yi doguwar tafiya ba kafin ku ga masana. Idan CAPOX aka zaɓa, ana yin ƙarin ruwa na oksalifilatin rana ɗaya, a sha ƙwayoyin kafesitabin kwana 14 a gida, a huta kwana 7, a sake. Zagaye huɗu wata uku ke nan. Oksalifilatin yana sa yatsu da maƙogwaro su ƙi sanyi, don haka a kwanakin da ke bin ƙarin ruwan a raba Baba da ruwan ƙanƙara duk zafin gari, a ɗumama masa ruwan alwala, in lokacin hunturu ne a sa masa safa. Maganin yana kuma sa yatsu su yi dindiris, kamar sun mutu; idan abin ya daina wucewa tsakanin zagaye da zagaye, a faɗa wa likita da wuri, ana rage maganin. Gudawa mai yawa, ko zazzaɓi, ko gyambon baki da ya hana shi ci, a dakatar da ƙwayoyin a kai shi asibiti a ranar.

Bayan kemo sai bibiya. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ciwon da zai dawo yana dawowa ne a shekara uku na farko, kuma bayan shekara biyar da wuya ya dawo. Ana gwada CEA duk wata uku zuwa shida, a yi CT lokaci-lokaci, a duba cikin hanji da kyamara bayan shekara ɗaya, ko cikin wata shida idan toshewa ta hana a duba shi duka kafin aiki. Ana yin haka ne domin ciwon da ya dawo a hanta ko huhu, idan an kama shi yana ƙarami, wani lokaci ana iya yanke shi a warke.

Sannan ku 'ya'yansa da ƙannensa da yayyensa. Tunda ciwon ya kama Baba kafin ya cika 60, shawarar masana ita ce kowannenku ya yi gwajin kyamarar hanji daga shekara 40, a riƙa maimaitawa duk shekara biyar, ko da yana jin kansa garau. Idan gwajin furotin ɗin nan ya kai ga tabbatar da gado, to waɗanda suka ɗauka za su fara tun suna 20 zuwa 25, duk shekara ɗaya ko biyu. Wanda kuma a cikinku yake ganin jini a bayan gida, ko bayan gidansa ya canza na makonni, ko yana ramewa da ƙarancin jini babu dalili, kada ya jira shekara 40, ya je a duba shi yanzu.